Ranar da Kawu Ya Sa Motata a Firi

Har yau in na ji ƙaurin kuloci, ko da motar wani ce ta wuce ni a titi, sai yawu ya taru a bakina, in nemi inda zan tofar. Ba tsoro ba ne, don tsoron ya daɗe da barina. Ƙyama ce tsagwaronta, kuma na san ranar da ta shige ni.

A shekarun nan muna zaune a Germantown, kusa da Washington, ni da maigidana, a hawa na uku na wani gidan haya. Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. In yi wa wannan wanka a can, in je in auna jinin waccan a can, kuma rabin gidajen bas ba ta kai wa gare su. Saboda haka motata ita ce ƙafata. Tsohuwa ce, doguwa, ruwan toka, mai giyar hannu, abin da ya sa ba mai aronta, don yawancin mutanenmu a nan sun manta da ƙafar hagu. Wanda na saya a hannunsa ya bar mata wata ƙugiyar ƙarfe a baya ta jan kaya. Ban taɓa kula ƙugiyar nan ba, ashe ita ce za ta ja min magana.

Tuƙi kuwa a hannun babana na koya, a Jos. Direban haya ne, shekara da shekaru yana hawa da sauka a Hawan Kibo, bai taɓa kwantar da mota ba. Ba shi da ɗa namiji sai daga baya, don haka ni ya ɗora a kan matashi tun kaina bai gama leƙo sitiyari ba. Bai cika surutu ba, amma akwai maganar da ya nanata min har na gaji da ji: giyar da ka hau dutse da ita, da ita za ka sauka. Yakan ce birki baƙo ne, in ka matsa masa sai ya tafi ya bar ka, injin mota kuwa shi ne ɗan gida.

Maigidana mutumin Maradi ne, kuma ƙanin mahaifiyarsa ne ya kawo shi ƙasar nan. Kawu muke ce masa duka, har waɗanda ba su haɗa komai da shi ba. Dattijo ne mai faɗin ƙirji, yana tuƙa tasi a cikin Washington, amma in ka zauna da shi minti biyar sai ka ji cewa shi asalinsa direban babbar mota ne, daga Kwatano zuwa Maradi. Maigidana ba ya iya ɗaga ido ya dube shi. Ni kuwa suruka ce, in ya shigo sai in durƙusa, in ya yi magana sai in ce to.

Shekarar da Babbar Sallah ta faɗo cikin tsananin zafi, Kawu ya sayo kampa a wajen wani tsohon Bature a Virginia. Kampa wani ɗan ɗaki ne mai taya biyu, da gado da wurin girki da ɗan bayi a ciki, ana ɗaura shi a bayan mota a ja. Mu a nan ba a yanka a gida, gona ake zuwa can bayan Frederick, cikin duwatsu, kowa ya yanka ragonsa ya kwaso nama. Dabarar Kawu ita ce a je da kampa, dattawa su sami inuwa, sannan a zubo naman gida biyar a ciki, kada kowa ya ɓata bayan motarsa da jini. Kowa ya yaba. Sai dai tasinsa ba ta da ƙugiya, kuma ba a isa a ja kaya da ita ba. Duk cikinmu mota ɗaya ce mai ƙugiya.

Ba a tambaye ni ba. Maigidana ne ya shigo ya ce, "Kawu ya ce da motarki za a je." Na ce ba komai, ni zan ja. Ya ce to, cikin irin to ɗin nan da ba ta da ƙashi.

Na yi kwana biyu ina shiri kamar mai jarrabawa. Na duba littafin motar na ga nauyin da za ta iya ja, na ga muna dab da bakin iyaka. Na ƙara iskar taya. Na ɗaura kampar na zagaya da ita a filin ajiye motoci na wata makaranta, na ji yadda take riƙe motar in an tashi, da yadda take turo ta in an tsaya. Ba ta da birkin kanta, duk nauyinta a wuyan motata yake. Na yanke wa kaina cewa giya ta biyar ba ta da aiki a tafiyar nan. Huɗu a shimfiɗa, uku a hawa, uku ko biyu a gangara.

A ranar ne kuma na fara leƙa cikinta. Araha ba ta ado. Gashin kare ne ko'ina, a kan katifa, a kan darduma, har cikin durowar cokula. Bango ya yi baƙin danshi. Daga ɗan bayin nan kuma wani wari ke fitowa, mai zaƙi-zaƙi, mai tayar da zuciya. Bayin wata roba ce mai murfi da ake ɗauka a zubar, kuma da na taɓa ta da ƙafa na ji ruwa ya motsa a ciki. Ashe tsohon bai zubar ba. Na gaya wa maigidana, ya ce zai gaya wa Kawu. Abin da Kawu ya yi shi ne ya aiko da kasko da turaren wuta.

Da safiyar Sallah, bayan an sauko daga idi, na fito da makulli a hannuna. Kawu na tsaye a bakin ƙofar direba cikin babbar riga, ya miƙo tafin hannu.

Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, ai da ka huta, ni zan ja. Na san halinta."

Ya yi dariya har hularsa ta motsa. "Ɗiyata, ni da na ja kamiyo mai taya goma sha takwas? Wagga 'yar abar? Maza biyu na zaune mace na tuƙi, mi mutane za su ce?"

Na dubi maigidana. Yana ta faman gyara madubin da ba abin da ya same shi. Sai na ajiye makullin a tafin Kawu da hannu biyu. Wannan hannu biyun shi ne abin da har yau nake jin haushinsa.

Muka shiga. Kawu a tuƙi, maigidana a gefensa, ni da matar Kawu, wadda muke ce wa Inna, a baya. Tun a fitowa daga unguwa na san na shiga uku. Ya tashe ta da wuta kamar zai tashi sama, ƙafarsa rabi a kan kuloci, motar na kuka, kampa na fizga. Kafin mu hau babbar hanyar 270 ya riga ya kai ta giya ta biyar. Yana tafiya a hankali, amma a biyar. Injin na gurnani can ƙasa, sitiyari na karkarwa, duk motar na rawar ɗari. Duk wanda ya san mota ya san tana roƙon a rage mata giya ne. Shi kuwa in ta fara shaƙewa, sai ya ɗan danna kuloci, injin ya yi ihu, ya sake saki. Haka ya yi ta yi mata.

"Babbar giya ita ka ajiye mai," in ji shi, yana koya wa maigidana. "Ƙananan giyoyi na 'yan koyo ne."

Maigidana ya ce, "Haka ne, Kawu."

Mutumin da bai taɓa tuƙa mai giyar hannu ba a rayuwarsa, wai haka ne, Kawu. Na zura ƙafa ta ƙarƙashin kujera na taka masa diddige. Ya janye ƙafarsa.

Da muka wuce Frederick aka fara hawa, sai ƙaurin ya shigo. Wanda bai taɓa ji ba, kamar a ƙona gashi da roba tare ne. Ya haɗu da turaren da Inna ta sha, ya haɗu da zafi. Na ce a hankali, yadda suruka ke magana, "Kawu, ko za a ɗan sa mata uku?"

Ya dube ni ta madubi. "Kin ji wari ko? Motarki ce ba ta saba aiki ba. Yau za ta koya."

Inna ta dafa gwiwata ta matse. Na gane. Na jingina, ina jin kulocina yana cinyewa a ƙarƙashin ƙafar wani, ina tunanin wata tsohuwa da nake zuwa wa ranar Litinin, wadda ba ta yarda kowa ya yi mata wanka sai ni, kuma gidanta ba bas.

Mun isa gonar dai. Aka yi yanka, aka yi fiɗa, mata muka zauna wanke kayan ciki a bakin famfo. Ba wanda ya iya zama cikin kampar, dattawan da aka saye ta dominsu suka leƙa suka koma gindin bishiya. Amma kowa sai da ya ce wa Kawu ya yi dabara. Wajen la'asar aka fara loda nama, a cikin robobi da manyan tukwane, wasu da murfi, wasu an rufe da leda kawai. Ƙofar kampar a baya take, sai suka riƙa jibgewa nan bakin ƙofa don a ji daɗin saukewa. Na ce a tura nauyin gaba, saitin tayoyi, in ba haka ba wutsiya za ta yi nauyi ta riƙa kaɗawa. Wani daga cikin mazan ya ce, "Hajiya injiniya!" Aka yi dariya. Ni ma na yi, don in ban yi ba a ce na cika zafin kai.

A dawowa akwai wata doguwar gangara, mai lanƙwasa biyu, dutse a hagu, rami da itatuwa a dama. Tun da safe da muka hau ta nake tunaninta. Muna kaiwa kanta na ga hannun Kawu ya tafi kan giya. Na ce a raina alhamdu lillahi, zai rage. Sai na ga ya zare ta ya bar ta a tsakiya, ya girgiza ta hagu da dama don ya tabbatar. Injin ya yi tsit.

Firi. Ya sa ta a firi.

Duk wanda ya shiga motar haya a ƙasashenmu ya san wannan ɗabi'ar. Direba ya ga gangara, ya cire giya, mota ta tafi da kanta, wai yana ajiye mai. Babana yakan ce rabin motocin da ke kwance a ramin Hawan Kibo, man cokali biyu suka je ajiyewa.

"Wala, shi ke nan," in ji Kawu. "Nan har ƙasa kyauta ne. Haka munka riƙa yi."

Motar ta fara gudu. Ba inji mai riƙe ta, ga ɗaki guda da naman raguna biyar na turo ta. Ya ɗora ƙafa a birki, bai ɗaga ba. Muka sha lanƙwasa ta farko. Sai wani sabon ƙauri ya taso, ba irin na safe ba, wannan na ƙarfe ne mai zafi. Na ga gwiwarsa tana ƙara nutsewa, gudun kuwa bai ragu ba. Sannan na ji bayan motar ya ja hagu, ya dawo dama. Na waiga. Kampar na kaɗa wutsiya, kowace kaɗawa ta fi ta baya faɗi. A ciki ana jin tukwane na faɗuwa.

Inna ta fara salati da ƙarfi. Maigidana ya riƙe gaban motar da hannu biyu. Kawu ya cafki giya yana neman tura ta biyu, ta ƙi shiga, sai ƙara take kamar ana niƙa tsakuwa.

Ban san lokacin da na miƙe na kama kan kujerarsa ba. Muryar da ta fito ba tawa ba ce, ta babana ce.

"Ba biyu ba! Huɗu! Taka kuloci har ƙasa, sa huɗu! Saki a hankali! Kar ka murɗa sitiyari, riƙe shi sak!"

Ya yi. Wallahi ya yi, kamar yaron mota. Injin ya kama, motar ta ɗan dafe.

"Yanzu kuloci, ba ta wuta kaɗan, uku! Uku na ce! Saki!"

Ta shiga. Injin ya kurma ihu, muka ji kamar an riƙo mu ta baya. Kaɗawar ta ragu, ta ragu, ta tsaya. Na ce ya riƙa taka birki yana ɗagawa. Muka sha lanƙwasa ta biyu da ƙyar, tayar kampar ta ɗebi tsakuwar gefe. A ƙasa akwai wani fili da manyan motoci ke tsayawa, nan muka gangara muka tsaya da taimakon birkin hannu. Hayaƙi na fita daga tayoyin gaba. Na zura hannu tsakanin kujeru, na kashe motar, na zare makullina.

Sannan muka fita, maigidana ya buɗe ƙofar kampar.

Na yi aikin tsofaffi shekara da shekaru, ba irin ƙazantar da ban kwashe da hannuna ba, amma ban taɓa ganin abin da ya tayar min da zuciya irin wannan ba. Tukwane sun kife. Cinyoyi da haƙarƙari da hanta sun watse a kan dardumar nan, gashin kare ya manne musu. Robar bayin ta fito daga ɗakinta ta faɗi, murfin ya buɗe, wani ruwa shuɗi-shuɗi da abin da ke cikinsa ya malale ya bi ta ƙarƙashin naman, yana ɗiga ta bakin ƙofa a kan takalmin maigidana. Naman layya. Abin da aka ambaci sunan Allah a kansa da safe. Ƙudaje har sun iso. Inna ta juya ta yi amai a gindin wani ƙarfe, ni kuma na toshe hanci da mayafi. Robobi uku ne kawai masu murfin kirki suka tsira.

Amma ba wannan ne ya fi ba ni ƙyama ba. Sauran motocin 'yan uwa suka iso suka tsaya, aka kewaye mu. Kawu ya gyara babbar rigarsa, ya zagaya motar, ya shuri taya, ya ce, "Birkin motar ga ba shi da kyau. Allah ya sa ni ke riƙe da ita. Da wani ne, da yanzu sai labari."

Aka ɗauki salati. Aka ce Allah ya saka wa Kawu. Kuma a cikin masu faɗa har da maigidana, wanda kunnensa ke dab da bakina lokacin da nake ihu. "Gaskiya ka yi ƙoƙari, Kawu." Na dube shi, na dubi takalminsa, na rasa wanne ya fi.

Aka kwashe abin da za a iya kwashewa, aka zuba sauran a manyan ledoji. Aka jira birki ya huce. Da aka tashi tafiya, Kawu ya je bakin ƙofar direba ya sake miƙo tafin hannu, a gaban mutane.

Maigidana ya matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa. "Ki ba shi. Don Allah kar ki kunyata ni."

Na ce, "Motar ba ta da birki, ai ka ji ya faɗa. Ba zan bar dattijo ya tuƙa mota mara birki ba."

Na wuce ta gaban hannun nan, na buɗe ƙofa, na zauna, na ja kujerar gaba. Kawu ya tsaya da hannunsa a miƙe har ya gaji, sannan ya juya ya shiga motar wani. Inna ce ta dawo ta zauna a bayana.

Na kawo mu gida a giya ta uku da ta huɗu. Kulocin na zamewa, in na ba ta wuta sai injin ya yi ihu kafin motar ta amsa. A kowace 'yar gangara na bar injin ya riƙe ta. Maigidana na gefena yana kallon taga tun daga can har Germantown. Da Inna za ta sauka, ta sake dafa ni, a kafaɗa wannan karon, ta ce, "Sannu, ɗiyata." Iyakar abin da na samu ke nan.

Motar ta yi mako guda a gareji, na bar musu makulli na biyu na riƙe nawa, aka sauya kuloci da birkin gaba. A makon nan da jirgin ƙasa da tasi da tafiyar ƙafa na yi aiki, gidan tsohuwar nan kuwa wata aka tura, tsohuwar ta ƙi wankan har na dawo. Labari kuma ya zaga gari. A wajen suna, a wajen ta'aziyya, sai in ji ana ba da shi, yadda birki ya tsinke wa Kawu a kan dutse ya tsayar da mota da gwaninta. Wani reshen labarin kuma shi ne matar wane ta daka wa surukinta tsawa, ta hana shi makulli a bainar jama'a. Na biyun ne kawai rabona.

Kwana uku maigidana yana bina da ido, yana bina da magiya, kan in je in ba Kawu haƙuri. A rana ta huɗu na ce mu je. Muka same shi a falo, ya kishingiɗa. Na cire takalmi, na durƙusa har ƙasa, na ce, "Kawu, na ɗaga maka murya, ka yafe min." Wannan kam gaskiya ce, na ɗaga.

Ya yi gyaran murya, ya ce ya yafe, yaro ai ba ya rasa kuskure. Sannan ya ce an wanke kampar tas, kuma akwai wani taro a Pennsylvania wata mai zuwa, in motar ta fito daga gareji sai a kawo masa ita.

Maigidana ya buɗe baki, na san abin da zai fito. Na riga shi.

"Allah ya kai mu, Kawu," na ce, kaina a sunkuye. "In za a je, ni zan ja."

Ban ɗago ba, ban kuma tashi ba. Na ci gaba da durƙuso a kan dardumarsa, yadda aka koya min tun ina yarinya, hannuna na dama a kan haɓar zanena, inda na ƙulle makullin tun daga gida.